Yadda Ake Haɗa Akwatin Sheƙa da Jawo Tsuntsayen Daji Zuwa Tsakar Gida

Duk inda gari ya faɗaɗa, ko a Birnin Kebbi ne ko Argungu ko Jega, abin da ke fara tafiya shi ne tsohon itace mai kogo. Daga nan sai ɗakin jinka da katangar ƙasa su bi baya. To waɗannan su ne wuraren da tsuntsaye da yawa ke sheƙa tun kaka da kakanni, gidan bulo mai silin kuwa ba ya barin ko ramin da yatsa zai shiga. Akwatin sheƙa kogo ne da kake haɗa wa tsuntsu a madadin wanda aka sare. Aikin ba shi da wuya, ana gama shi da hantsi ɗaya.

Sai dai ka riƙe abu guda tun yanzu. Yawancin zane-zanen da za ka gani a intanet an yi su ne don ƙasashen sanyi irin su Ingila, inda ake neman yadda akwati zai riƙe ɗumi. Mu a nan zafi muke gudu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi kan haura digiri 40, rana kuma tana bi ta tsakar ka. Saboda haka duk abin da zan faɗa a ƙasa, inuwa da iska da ruwa ne ginshiƙinsa. Wanda ya samar da su zai ga tsuntsu ko da aikin kafintansa ya karkace.

Wa kake ginawa?

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, gininsa ma haka. Marai saƙa nasa yake yi a bakin reshe, ba zai ko kalli akwatinka ba. Kurciya ba ta shiga rufaffen wuri, 'yan tsinkaye take jerawa a sarari. Masu neman kogo su ne gwara, da shaya mai sheƙin baƙi da shuɗi, da alhudahuda, da tsanwaka, da cilakowa, da mujiya. Ɗan jan tsuntsun nan beni shi ma yana son lungu, amma ya fi sabawa da jinka da ramin bango.

Mai farawa ya gina wa gwara. Ta saba da mutane, tana nan rani da damina, kuma ba ta da tsirfa. Awon da zan bayar nata ne, na sauran kuma zan ambata a inda ya kamata.

Kayan aiki

- Falanki mai kaurin inci 1, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 3. Cikakken falankin kasuwa mai ƙafa 12 yana fitar da akwati 4, don haka in kuna da yawa ku haɗa kuɗi ku sayi guda.
- Zarto, guduma, tef ɗin awo, fensir, samfefa.
- Ƙusa 'yar inci 2, kamar guda 20, da ƙananan ƙusoshi na kafa roba.
- Injin huda katako. In babu, kurfi da ƙaramin rodi sun isa.
- Tsohon tib na babur ko na keke.
- Waya mai ƙwari, da guntun tiyo na roba.
- Guntun zana ko kaba, don rufi na biyu.
- Kasko, don ruwa.

Katakon ya zama busasshe. Ɗanye yana tsagewa da zarar hunturu ya busa. Tsohuwar ƙofa ko tsohon benci sun fi sabon falanki, muddin ba a taɓa shafa musu baƙin mai ko maganin gara ba. Wannan warin da ke korar gara, shi ɗan tsuntsun da bai yi gashi ba zai kwana yana shaƙa. Ka guji siririn filawud, domin zafi na ratsa shi nan take, kuma damina ɗaya ke ɓare shi. Kwano da gwangwani da jarkar roba kuwa kada ma ka soma. Akwatin kwano a watan Afrilu tanda ce.

In ba ka da kayan aiki, kai awon wurin kafinta ya yanka maka, ka zo gida ka haɗa. Zai tambaye ka, “Malam, mi za a yi da wanga ɗan akwati?” Ka gaya masa gaskiya, domin in bai sani ba zai goge cikin katakon sumul ya shafa masa fenti don ya burge ka, alhali ba haka ake so ba.

1. Yanka katako

Fara cire inci 10 daga falankin, ka rage faɗinsa ya koma inci 9. Wannan shi ne rufi. Ajiye shi gefe.

Abin da ya rage, ka tsaga shi biyu ta tsawo, ka samu sili biyu masu faɗin inci 6 kowanne. Daga na farko ka yanki inci 15, shi ne baya, da inci 9, shi ne gaba. Daga na biyu ka yanki inci 20. A wannan guntun, auna inci 9 a gefe ɗaya ka yi alama, auna inci 11 a ɗaya gefen ka yi alama, ka ja layi a karkace tsakaninsu ka yanka. Yanka ɗaya ya ba ka gefe biyu masu gangara iri ɗaya, kowanne inci 11 ta baya, inci 9 ta gaba. Ragowar guntun shi ne daɓe, amma kada ka yanka shi yanzu. Katakon kasuwa ba kasafai kaurinsa ke cika inci 1 ba, don haka sai ka haɗa bango huɗun ka auna ramin da ya rage.

2. Ƙofa da ramukan iska

A katakon gaba, auna inci 7 daga ƙasa, a tsakiya, ka yi alama. Nan ne tsakiyar ƙofa. Faɗinta inci 1 da rabi don gwara. Kada ka ce bari in ƙara musu don su sake. Ƙofa mai faɗi ita ke ba hankaka damar zura baki, kyanwa kuma ta zura hannu. Tsayin nan na inci 7 shi ma da dalili: yana nisanta 'ya'yan daga bakin rami, kuma yana hana su faɗowa kafin fiffike ya yi ƙwari.

In babu injin huda, zana da'irar da fensir, ka gasa rodi a wuta ka bi layin kana ƙona ƙananan ramuka kusa da kusa, sannan ka fasa tsakiyar da kurfi. Goge bakin da samfefa har baƙin ƙunar ya fita. In wannan ma ya yi maka nisa, ka yanke ɗan murabba'i mai inci 1 da rabi a saman katakon da zarto. Tsuntsu bai damu da ko ƙofa zagayayya ce ba.

Juya katakon ta ciki, ka karce shi da zarto layi-layi daga ƙasan ƙofa har ƙasa. Wannan ne tsanin da 'ya'yan za su taka ranar fita.

Yanzu ramukan iska. A kowane gefe, inci 1 ƙasa da bakin sama, huda rami 3 masu faɗin fensir. Iska mai zafi sama take tashi, ta nan za ta fita. Masu kwafar zanen Turawa nan suke tsallakewa, kuma shi ne ya fi komai muhimmanci a wurinmu.

Kada ka kafa ɗan sandan nan a ƙasan ƙofa da ake gani a hotuna. Gwara ba ta bukatarsa, faratanta sun ishe ta. Wanda zai more shi shi ne mai zuwa satar ƙwai.

3. Haɗawa

Kwantar da katakon baya, ka ɗora gefe biyun a kansa, dogon bakinsu na inci 11 yana manne da shi. Bar inci 3 a sama da inci 1 a ƙasa, nan za ka huda ramukan ɗaurewa. Kafa su da ƙusa 3 kowanne. Sannan ka ɗora gaba a kan bakin gefen, ka kafa. Kafin ka buga kowace ƙusa, ɗan dakushe tsininta da guduma. Dakusasshiyar ƙusa ba ta cika tsaga katako ba.

Auna ramin ƙasa ka yanka daɓe daidai da shi. Gutsure kusurwoyinsa huɗu kaɗan, ko ka huda rami 4, don ruwan da ya shiga ya samu mafita. Tura shi ciki kamar kwatan inci sama da bakin bango kafin ka kafa, yadda ruwan da ke gangarowa ta jikin akwatin ba zai tsotsu cikinsa ba. Bayan haka zura hannu ka shafa ko'ina. Duk ƙusar da ta leƙo, lanƙwashe ta.

4. Rufi

Rufin ya fi akwatin faɗi da gangan. Zai zarce ta gaba da kusan inci 3, ta kowane gefe kuma da inci 1 da rabi, ya yi wa ƙofa da ramukan iska rumfa.

Kada ka kafe shi da ƙusa, domin za ka bukaci buɗewa lokacin shara. Yanko tib mai faɗin inci 3, tsawonsa daidai faɗin katakon baya, ka kafa rabinsa a jikin baya, rabi a kan rufin, da ƙananan ƙusoshi. Ya zama hinji ke nan, kuma ya toshe tsagin da ruwa zai bi. A kowane gefe kafa ƙusa ɗaya a bakin rufi, ɗaya a jikin akwati, ka naɗe su da waya. Wanda ya san iskar da ke gaban hadarin farkon damina ba zai raina wannan ɗaurin ba.

Sai rufi na biyu, wanda a ganina shi ne rabin aikin. Kafa 'yan sanduna biyu masu kaurin yatsa a kan rufin, ka shimfiɗa guntun zana ko saƙaƙƙiyar kaba a kansu, ka ɗaure da waya. Rana za ta bugi zanar, iska ta ratsa tsakani, katakon ƙasa ya tsira. Zanar kan ruɓe cikin shekara, sai ka sauya. In kana son shafe, farin fenti na ruwa ko farar ƙasa, a waje kawai. Ciki da bakin ƙofa a bar su yadda suke. Kada ka zuba auduga ko tsumma a ciki. Gwara za ta kwaso ciyawarta da gashin kaji da kanta, zare kuwa yana naɗe ƙafar 'ya'ya.

In babu katako

Gora da tukunya suna yi, kuma wajen sanyi tukunya ta fi katako. Masu kiwon tattabara sun daɗe da sanin haka.

Gora ta zama busasshiya mai kauri, cikinta ya kai faɗin inci 6. Huda ƙofa a kafaɗarta, ka kwashe 'ya'yan da ɓargon ciki, ka huda ramuka 4 a gindi da 2 a wuya. Ɗaure ta sama da ƙasa. Gorar da ke lilo a iska ba mai zama cikinta. Ba ta wuce damina ɗaya ko biyu, amma ba ta da tsada.

Tukunya ko ƙaramin tulu kuma, kwantar da ita za ka yi a kan katanga ko cikin gwafar itace, bakin ya ɗan sunkuya ƙasa. Rage faɗin bakin da laka har ya dawo inci 1 da rabi. Abin da ya fi shi ne ka je wurin masu ginin tukwane ka ce a yi maka da ƙofa da ramuka tun tana ɗanya, domin huda gasasshiyar tukunya sau da yawa a fashe yake ƙarewa.

Kurciya kuwa, tsohon kwando ko ɓarin ƙwarya da aka huda gindinsa, a ɗaure a ƙarƙashin rumfa, ya ishe ta. Ƙwai 2 take yi.

5. Inda za a rataya

Akwati mai kyau a mugun wuri aikin banza ne. Ka ɗauki kwana biyu kana lura da yadda inuwa ke yawo a gidanka kafin ka yanke shawara.

Ƙofa kada ta kalli gabas. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, duk mai katangar ƙasa ya san wane ɓangare ne yake yaɓewa kowace shekara. Kada kuma ta kalli yamma, saboda ranar la'asar. Saura arewa da kudu, ni na fi son arewa, don mafi yawan watannin shekara rana ta kudu take karkata.

Tsayi daga ƙasa ƙafa 8 zuwa 10. Wuri mafi kyau shi ne jikin bango a ƙarƙashin inuwar rufi, ko jikin dogon yaro ko mangwaro ko tsamiya, inda inuwa ke rufe shi daga hantsi har la'asar. Amma ka tabbata gaban ƙofar a buɗe yake, ba reshen da ya tokare hanya. Gawo bai dace ba. Shi da damina yake zubar da ganye, daidai lokacin da tsuntsaye ke kwanci.

In a itace ne, kada ka buga masa ƙusa. Zura waya cikin guntun tiyo ka zagaye gindin da ita, ka riƙa sassautawa duk shekara. Ɗan karkata akwatin gaba kaɗan don ruwa ya zube nesa da ƙofa.

Nisanta shi da madafa saboda hayaƙi, da janareta, da fitilar da ke kwana a kunne, da ƙofar da ake yawan shige da fice. Kada ya zama saman randa ko inda ake shanyar hatsi, saboda kashi. In gidan haya ne ko gidan gandu, ka nemi yardar mutanen gida tukuna, musamman wadda ke share tsakar gidan.

Bayan ka ɗaure, yi gwaji ɗaya: tsakanin azahar da la'asar hau ka zura hannu ciki. In ka ji zafin ya fi na inuwar da kake tsaye, sauya wuri tun babu mai gida a ciki.

Lokacin ratayawa shi ne bazara, Maris ko Afrilu. Yawancin ƙananan tsuntsayenmu da damina suke hayayyafa, lokacin da ƙwari da ɗanyar ciyawa suka yawaita. Ana so kafin shamuwa ta iso akwatin ya riga ya sha rana, warin sabon katako ya fita, idon tsuntsaye ya saba da shi.

6. Maƙiya

Kyanwa ce ta farko, sai maciji, ɓera, hankaka, da tururuwa. In gidanku akwai kyanwa, bar maganar itace. Kafa bututun ƙarfe mai santsi a inuwa, nesa da katanga da kamar taku 3, ka ɗora akwatin a kansa. Huda gindin tsohon bokiti ka zura shi a kife a jikin bututun, ƙasa da akwatin. Duk mai hawowa zai tarar da rufi a kansa. Don tururuwa da cinnaka, shafa giris zobe ɗaya a jikin bututun can ƙasa, inda tsuntsu ba ya sauka. Kada ka fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a akwatin ko kusa da shi.

Rina da zanzaro suna son manna gidansu a cikin rufi. Goga busasshen sabulu a wurin kafin ka rataya, yana hana shi kamawa. Zuma ma kan tare a akwati, musamman manyan akwatuna. In ta shiga, kada ka tunkare ta da kanka a gidan da ke da yara da dabbobi a ɗaure, kira mai sana'ar zuma ya kwashe da dare.

Sai yara masu danƙo. Tsawa ba ta maganinsu, ranar da ba ka nan za su dawo. Abin da ke aiki shi ne ka ba su muƙami. Ka ce wa babbansu, “Kai ne sarkin tsuntsayen gidan nan, zuba ruwa naka ne, wanda ya harbe su kai zan tambaya.” In da hali ka ba su labarin hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, ta zo tana karkaɗa fiffike, Annabi (SAW) ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Yaro yana riƙe irin wannan fiye da faɗa.

7. Ruwa

Da za a ce in zaɓi ɗaya tsakanin akwati da kaskon ruwa, kasko zan ɗauka. Hatsi masu cin hatsi kaɗai yake kira, ruwa kuwa kowa yake kira. Gidan da ke bakin fadamar Argungu ko gaɓar Kwara a Yawuri ba zai ga bambanci sosai ba. Amma a unguwannin tudu, daga Fabrairu zuwa Mayu, kasko ɗaya zai tara maka tsuntsayen da ba ka san akwai su a garin ba, har da baƙin da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi rani a wurinmu.

Kasko na ƙasa ya fi tasa, don ba ya ɗaukar zafi kuma ƙafa ba ta zamewa. Zurfin ruwan kada ya wuce inci 1 zuwa 2. Saka duwatsu biyu ko uku da suka ɗan leƙo sama, don ƙanana su samu wurin tsayawa. Bokiti ko baho mai zurfi tarko ne, tsuntsu zai faɗa ya kasa fita.

Ɗora shi a kan kututture ko bulo a inuwa, taku 3 ko 4 daga wata 'yar bishiya. In ya yi kusa da duhuwa, kyanwa za ta laɓe. In ya yi nisa, jiƙaƙƙen tsuntsu ba shi da mafaka in shirwa ko shaho ya kawo hari. Kuma kada ya zama a gindin akwatin, domin mai kwanci ba ta son taro a ƙofarta.

Ga wata dabara: huda gindin robar ruwa da allura, ka cika ta, ka rataya saman kaskon tana ɗiga. Motsin ruwan da ƙararsa suna jawo tsuntsu daga nesa.

Zubar da ruwan ka sake sabo kullum da safe. Sauro cikin mako ɗaya zuwa kwana goma yake tashi daga ƙwai ya zama mai cizo, ruwan da ake sauyawa kullum ba ya ba shi wannan damar. Sau ɗaya a mako ka dirje kaskon da yashi, ka shanya shi a rana.

Mai kiwon kaji ya kula. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya a 2006, a wata gonar kaji a jihar Kaduna, kuma ta sha dawowa tun daga lokacin. Kada kajinka da agwaginka su sha a kasko ɗaya da na daji. In ka tsinci mataccen tsuntsu ba rauni a jikinsa, kada ka taɓa da hannu, ka binne shi, ka ɗauke kaskon na mako biyu. In sun yi yawa, sanar da malaman dabbobi.

8. Abinci

Gero shi ne kan gaba. Sai tsakin dawa ko na masara, gutsattsarin shinkafa, da riɗi kaɗan. Ɓarin gwanda ko mangwaro ko kankana da aka soke a reshe yana kawo masu cin 'ya'yan itace. Zuba a faifai ko tire mai ramuka, tafin hannu ɗaya da safe, abin da za su cinye kafin azahar. Wanda ya kwana na ɓera ne.

Abin da ba a ba su: tuwo da miya da duk abin da gishiri ya taɓa, hatsin da ya yi fumfuna, gyaɗar da ta yi baƙi, da ragowar irin shuka da aka cuɗa da magani. Wannan na ƙarshe kashe su yake yi.

A Kebbi dole a yi maganar jan-baki. Manomin shinkafa a Argungu ko Augie ko Suru da ya wuni yana kaɗa gwangwani a gona ba zai ji daɗin ganin kana kiwata tsuntsu ba, kuma yana da hujja. Jan-baki ba ya shiga akwati, a ƙayoyin daji yake sheƙa dubbai, saboda haka akwatinka ba ya ƙara yawansa. Hatsin da aka watsa da yawa ne ke iya jawo shi. In gidanka na kusa da gonaki, ka dakatar da hatsi daga lokacin da gero ko shinkafa suka fara ido har a girbe, ka bar ruwa kaɗai. Da damina ma babu bukatar ciyarwa, daji ya wadata, 'ya'yan gwara kuma da tsutsa da ƙwari ake renonsu.

9. Shuka

Wannan shi ne abincin da ba ya ƙarewa. Magarya da kurna suna ba da 'ya'ya da ƙayar fakewa. Ɓaure da ceɗiya da durumi suna tara tsuntsu sosai, sai dai saiwarsu na fasa gini, sai mai fili. A ƙaramin gida, gwanda da gwaba da zogale da shingen lalle sun isa. Furen zogale na kawo sha-kauci. Ka kuma bar lungu ɗaya da ba a sharewa ƙal, ciyawa ta yi 'ya'ya a wurin.

10. Jira, lura, da shara

Wani akwatin cikin mako biyu ake shiga, wani sai damina ta zagayo. In ka ga tsuntsu na shiga da ciyawa a baki, an kama gida. Daga nan kada ka buɗe rufi, kada ka bari a hau leƙe. Gwara kan yi ƙwai 3 ko 4, kwanci kimanin mako biyu, 'ya'yan kuma su yi kusan mako uku kafin su tashi. In ka ga ɗa a ƙasa da cikakken gashi yana tsalle, ƙyale shi, iyayen na kusa, kyanwa kawai za ka tsare. In tsirara yake, mayar da shi ciki. Taɓa shi da hannu ba ya sa uwar ta ƙi shi.

In hannunka ya faɗa kana son manya, shaya na bukatar ƙofa inci 2, alhudahuda inci 2 da kwata, da akwati mai daɓen inci 7 ko 8. Cilakowa na son wanda ya fi haka zurfi, kuma tana da wata al'ada da ke tsorata wanda bai sani ba: macen kan shiga ta liƙe ƙofar da laka da kashinta, ta bar ɗan tsagi, namijin yana miƙo mata abinci har ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan su ɗan tasa. Ba maƙalewa ta yi ba, kada ka fasa don ceto. Mujiya kuwa tana cin ɓera fiye da kyanwa, amma ka san yadda mutanenmu ke ɗaukarta. Akwatinta a gona ko kusa da rumbunan bayan gari ya dace, ba a tsakar gidan da za a kwana ana jin kukanta ba.

Shara sau ɗaya ce a shekara, cikin Disamba ko Janairu. Ka yi kwanaki kana lura ka tabbata ba mai shiga, sannan ka ƙwanƙwasa jikin akwatin da sanda kafin ka buɗe, don wani lokaci ƙadangare ko kunama ko maciji ne ya gaje wurin. Ɗaure hanci da ƙyalle, kwashe tsohuwar sheƙa ka ƙone, ka kwarara tafasasshen ruwa a ciki don kashe ƙuma da ƙwayayensu. Bar shi a buɗe ya bushe, sake zana, duba waya da tib. In damina biyu suka wuce ba wanda ya shiga, sauke shi ka mayar wani bangon da ya fi inuwa da shiru.